In ɗiyar dabo ta yi zagi, wa ya yi zagi?

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa ganin ɗiyan dabo? In ba ka gani ba, tambayi tsofaffi. A ƙasar Damagaram an san su sosai. Mai wasan yakan kafa sanda, ya rataya babbar riga, ya shiga ƙarƙashinta. Sai ƴan mutum-mutumi na itace da tsumma su leƙo ta wuyan rigar, suna rawa, suna faɗa. Muryarsu siririya ce, don mai wasan yana sa wani ɗan abu a baki, wanda akan yi da ɓawon ƙwan jimina. Abokinsa yana waje da kiɗa, yana maimaita wa jama'a abin da suka ce. A Borno ma an yi wannan wasa, ana ce masa dogodogo. Wani Bature, Ellison, ya rubuta labarinsa a 1935.

Zaman irin waɗannan mutane a hanya yake. In an kai amfanin gona gida, sai su ɗaure kaya. Yau kasuwar wanga gari, gobe bukin wancan. Ba su san inda za su kwana ba sai sun iso. Wani wuri a ba su zaure da tuwo, wani wuri maigari ya ce su wuce. In hannun ɗiyar dabo ya karye, nan gindin itace za a gyara shi. Iyali kuwa suna gida, suna jiran abin da za a kawo.

To, ga tambaya. A ce sun sauka garinku. Da maraice sun zauna wurin mai tuyar ƙosai, sun ji cewa akwai wani attajiri mai ba talakawa bashin hatsi tiya ɗaya, da kaka ya karɓi biyu. Da dare sai ga ɗiyar dabo da ƙaton ciki, tana awo, tana zamba. Kowa ya gane, kowa ya yi dariya. Wa ya yi wannan magana?

Mai wasan zai ce: «Ba ni ba ne, itace ne.» Kai ma ka san itace ba shi da baki. Maganar tasa ce, alhakinta yana wuyansa, riga ba ta sauke masa shi.

Amma kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Wa zai iya faɗa wa attajirin nan gaskiya a garinku? Wanda yake bi bashi ba zai iya ba. Surukinsa ba zai iya ba, kunya ta hana. Baƙo ne kaɗai bakinsa yake a sake, don gobe ba ya nan. Kuma da aka sa maganar a bakin itace, an bar wa attajirin hanyar fita. Yana iya yin dariya tare da mutane, ya koma gida ya gyara awonsa, ba wanda ya ambaci sunansa. A ganina wannan taimako ne.

Inda abin yake ɓaci shi ne nan: tafiyar da ta sake bakin baƙo, ita ce kuma take sa shi ganganci. Abin da ya ji wurin mai ƙosai, bai bincika ba. Wataƙila maƙiyin mutumin ne ya faɗa masa, har ya ba shi goro. In ya sa ɗiyar dabo ta ɓata sunan matar wani, shi da asuba ya kama hanya, ita kuwa za ta je rijiya da wannan kunya shekara da shekaru.

Dubi bambancinsa da wasan Markala, wani gari a bakin kogi kusa da Segu, a ƙasar Mali. Can samarin garin ne da kansu suke fito da mutum-mutuminsu, har UNESCO ta sa wasan cikin gadon duniya a 2014. Su in sun wuce iyaka, da safe iyayensu suna nan, za su kira su. Mai yawo ba shi da mai kiransa.

Saboda haka ni ba na ganin laifinsa in ya yi wa rowa ko zamba ba'a. Ina ganin laifinsa in ya nuna mutum ɗaya da abin da bai tabbatar ba. Ku ma masu kallo kuna da hannu a ciki. Yana kallon inda kuɗi suka fi zuba. In kun fi yin kari lokacin da aka tozarta wani, shi zai maimaita a gari na gaba.