Wa Ya Ba Da Labarinka?

Ya kai ɗan'uwa matashi, Allah Ya yi maka rahama, saurara.

Wani Bature, Joyce Cary, ya yi Di'o a ƙasar Bargu zamanin mulkin mallaka. Bayan ya koma gida sai ya rubuta ƙagaggen labari a kan Arewa, Mista Johnson, a 1939. Baƙar fata a ciki, in ba wawa ba ne to macuci ne, har masu rawani ba su tsira ba. Chinua Achebe ya karanta shi yana ɗalibi a Ibadan, ransa ya ɓaci. Bai tsaya zage-zage ba, alƙalami ya ɗauka, ya fitar da labarin mutanensa Ibo a 1958.

To kai fa, da ƙasarka ce aka zana? Kai da Sarkin Musulmi Bello ya bar wa Infaƙul Maisuri, tarihin jihadi daga bakin wanda aka yi da shi! Ka nemi malami ya biya maka. Na taɓa tambayar ɗalibai wa ya buɗe shi, aka yi tsit. Wallahi na ji kunya, don ni ma sai a jami'a na fara ganinsa, kuma fassarar Bature ce.