Rufa-ido da Rufin Asiri

Hausawa na cewa gani ya kori ji, wato ido shi ne shaidar da ba a musu da ita. Sai dai masu zane sun daɗe da sanin cewa wannan shaida tana ruɗuwa. A 1685, a cocin Sant'Ignazio da ke birnin Roma, Andrea Pozzo ya zana ƙubba a kan shimfiɗaɗɗen ƙyalle, aka kafa shi a rufin ginin. Duk wanda ya tsaya a kan alamar da aka dasa a daɓe ya ɗaga kai, zai rantse ƙubba ce ta gaske. Da ya gusa ƴan taku, sai ta karkace, asirinta ya tonu. Ashe irin wannan rufa-ido ba ya ci sai daga wuri guda, kuma mai zanen da kansa ya nuna wurin. Shi ya sa babu wanda ke kiran Pozzo maƙaryaci: mai kallo ya shigo da yardarsa, ya fita ya ƙaru da sanin raunin idonsa.

Masu mulki ma sun koyi wannan dabara, amma alamar da suke tsayar da mai kallo a kai ita ce tagar motar baƙo. A 2013, gabanin taron ƙasashen G8 a Ailan ta Arewa, an liƙa hotunan kaya a tagogin shagunan da suka mutu, har da na mahauta cike da nama. A Fabrairun 2020, a birnin Ahmedabad na Indiya, an gina katanga a gaban wata unguwar talakawa kafin zuwan shugaban Amurka Donald Trump. Hukuma ta musa cewa ɓoye talauci ne nufinta, amma sakamakon ɗaya ne: baƙo ya wuce bai gani ba.

Wani zai ce ai wannan rufin asiri ne, kuma rufin asiri ɗabi'a ce ta mutanen kirki. Magina a Birnin Damagaram sukan ƙawata fuskar gida da zane, su karkatar da ƙofofin zaure yadda mai wucewa ba zai hangi tsakar gida ba. To amma zaure na mai gida ne. Shi ya gina shi, shi ke cewa a shigo. Katangar da aka gina a gaban talaka kuwa ba da shawararsa aka yi ta ba, kuma mutuncin da take karewa na wanda ya kasa kai masa ruwa da magudana ne. Rufin asiri yana tafiya da taimako a ɓoye. Rufa-ido yana ɓoye mabuƙaci ne don kada a tilasta wa kowa taimakonsa.

Al'amarin ya fi muni idan ruɗin ya shiga taswirar gari, domin fenti yana koɗewa, amma tsari yana gadon jikoki. A Najeriya ta zamanin Lugard, ƙa'ida ta tanadi a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta ƴan ƙasa, da sunan kariya daga sauro. A Yamai, wadda ta karɓi matsayin babban birni daga Damagaram a 1926, kwarin Gunti Yena ne ya raba tudun Turawa da unguwannin Afirkawa. A kan takarda sarari ne na shan iska. A ƙasa kuwa iyaka ce. Haka nan a Nikosiya ta Ƙubrus, layin da wani janar na Ingila ya ja da koren fensir a ƙarshen 1963 ya zama shingen da har yau yake raba birnin biyu.

Duk da haka, rushe katanga ba shi kaɗai ne magani ba. A Belfast an fara gina katangu tsakanin unguwannin Katolika da na Furotesta a 1969, aka raɗa musu suna layukan zaman lafiya. An ƙulla sulhu a 1998, an yi alkawari a 2013 cewa za a kawar da su kafin 2023, amma shekarar ta wuce yawancinsu na tsaye. Da dama daga maƙwabtansu ba su yarda a taɓa su ba tukuna, domin tsoronsu na gaske ne. Wanda ya kawar da bango ya bar tsoro, shi ma rufa-ido ya yi.

Saboda haka, gwajin da ya kamaci mai tsara birni shi ne wanda ke tona ƙubbar Pozzo: ya gusa daga kan alama. Ya bar babban titin filin jirgi, ya duba garin daga lungun da ruwa ke kwana da damina, ya tambayi mai tallar da ke tsallake kwari kullum ina iyakar take. Ya sa kasuwa da asibiti da makaranta inda ɓangarorin biyu za su haɗu don buƙata, ba don biki ba. Tsarin da ya yi kyau daga kowace kusurwa shi ne na gaskiya. Wanda bai yi kyau ba sai daga taga guda, ƙarya ce, kuma ƙarya fure take, ba ta ƴaƴa.