Shirin da Ba a Sa Shi a Jaka

Da an shiga watan Zulƙida, gidan maniyyaci sai ya kacame da shiri. An biya kuɗin kujera, an yi allurar rigakafi, ga harami sabo fil a ninke, ga yaji da kuka uwargida ta ƙulle a leda. Ka tambaye shi, sai ya ce a shirye yake, jirgi kawai yake jira.

Abin da ke damuna shi ne, wasu masu faɗin haka ba sa shiri da nasu. Na san wa da ƙane da rabon gonar gado ya raba, ko gaisuwa ba ta haɗa su, kuma wan ya tafi Makka a haka. Bahaushe bai yi kuskure ba da ya kira haɗa kaya shiri, ya kira jituwa da ɗan'uwa shiri, har in yaro ya kangare ya ce Allah ya shirye shi.

Hadisi ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3. A wata ruwaya ta Muslim, ana buɗe ƙofofin Aljanna ranakun Litinin da Alhamis, a gafarta wa masu tauhidi, amma a jinkirta wa masu gaba har sai sun shirya. Shi ya sa iyayenmu suke bi gida-gida neman gafara kafin su kama hanya.

Malam maniyyaci, kafin ka nufi sansanin alhazai, don Allah je ka yi sallama a ƙofar ƙanenka.