Ruwa Amana Ne A Wuyan Jama'a

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, duk shekarar da ruwa ya ɗauke, gero ya fara murɗewa a gona, mukan fita bayan gari sallar roƙon ruwa, mu ƙasƙantar da kanmu ga Ubangiji. Wannan sunna ce, kada mu bar ta. Amma kowa ya tambayi kansa: ruwan da Allah Ya saukar mana bara, me muka yi da shi? Ya sauka kan faƙo, ya kwashe taki, ya yanka kwazazzabo, ya wuce muna kallo. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba, sa'ad da rumbuna suka ƙare, dabbobi suka faɗi, magidanta suka bar garuruwansu. Allah ne Mai saukar da ruwa, amma tattalinsa a wuyanmu Ya ɗora shi. Annabi Yusufu ya tara abincin shekara bakwai na yalwa domin shekara bakwai na fari, wannan kuwa bai rage masa tawakkali ba.

Shari'a ba ta bar ruwa a hannun mai ƙarfi ba. Manzon Allah (SAW) ya sanar da cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Ya kuma yi hukunci a kan ruwan kwarin Mahzuru na Madina: mai gonar sama ya tare shi har ya kai idon sawu, sa'an nan ya sakar wa na ƙasa. To, kai mai injin ban ruwa da ke toshe hanya da dare, ka ji tsoron Allah. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin Haɗeja ta canza, ciyawar kachala ta cike hanyoyin ruwa, manoman Nguru da Gashuwa suka ji a jikinsu. Abin da na sama ya ɓarnatar, haƙƙin na ƙasa ne, kuma za a tambaye shi.

Ku dubi 'yan'uwanmu na Illela a jihar Tawa ta Nijar. A 1989 wasu manomansu suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake raya matacciyar ƙasa. Suka dawo suka shiga haƙa tassa: ƙananan ramuka a faƙo tun da rani, a zuba taki a ciki. Gara ta bi takin ta huda ƙasa, ruwan sama ya kwanta ya nutse maimakon ya gudu. Suka haɗa da ramuka masu siffar rabin wata da jeren duwatsu a gangare. Filayen da aka yanke ƙauna da su suka ba da gero da dawa. Aikin yana da nauyi, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka, shi ya sa sai da gayya.

Saboda haka kada mu jira gajimare ya haɗu. Mai unguwa da sarkin noma da liman su tara jama'a tun rani. A yashe tafki, a share magudana, a daina zuba shara a rafi. A tsara ranakun ban ruwa, a bar wa makiyayi burtali da mashaya. A saurari mata, don su suka san rijiyar da ke fara ƙafewa. Ku masu hali, ku tuna Sayyidina Usmanu ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi. Kuɗin da ka sa a gyaran tafkin garinku sadaka ce mai gudana, ladanta yana iske ka har cikin kabari.

Allah Ka ba mu damina mai albarka, Ka haɗa kanmu a kan gaskiya, Ka kare mu daga fari da yunwa. Amin.