Shin Kyauta Tana Biyan Alkawari?

Idan mutum ya yi maka alkawarin zai riƙa sayar maka da wani abu muddin rai, sa'an nan wata rana ya ce ya daina sayarwa, amma ga shi nan ka ɗauka kyauta, shin ya cika alkawari ko kuwa ya saɓa? Na san da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai za su ce wannan ai ba abin tambaya ba ne, wanda aka ce ya mai da kuɗinsa aljihu ba abin da ya rage masa sai godiya. To, ni a nawa ganin maganar ba ta ƙare a nan ba. Abin da ya jawo ta kuwa ba tatsuniya ba ce, abu ne da ya auku tsakanin wasu kamfanoni da masu amfani da kayansu.

Ga yadda abin yake. Masu sana'ar zane a kwamfuta, watau masu tsara bangon littafi da katin gayyata da shafukan jarida da sauransu, sun daɗe suna dogara da manhajojin wani kamfanin Amurka mai suna Adobe, irin su Photoshop da Illustrator da InDesign. A da saye ake yi sau ɗaya. Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne, don a 2012 Photoshop ita kaɗai dala 699 ce, tarin manhajojin gaba ɗaya kuma dala 2,599. Amma in ka biya ka biya ke nan, ko shekara goma ka yi kana aiki da abinka ba wanda zai sake miƙo maka hannu. A watan Mayu na 2013 sai Adobe ya ba da sanarwa cewa duk sabon abin da zai fitar daga nan gaba sai dai haya, wajen dala 50 a wata, ran da ka daina biya kuwa a rufe maka ƙofa.

Waɗanda wannan tsari bai yi wa daɗi ba suka shiga neman mafaka, suka kuwa same ta a wurin wani ƙaramin kamfani mai suna Serif da ke birnin Notingham a Ingila, wanda aka kafa tun 1987. Shi ne ya fitar da Affinity Designer a 2014, da Affinity Photo a 2015, da Affinity Publisher a 2019. Babban abin da ya riƙa jawo mutane da shi shi ne cewa a wurinsa babu biyan wata-wata, ka saya sau ɗaya ka huta. Da haka ya tara masu amfani da kayansa sama da miliyan 3.

Ana nan sai a watan Maris na 2024 aka wayi gari da labarin cewa Canva, wani kamfanin Ostareliya da ke birnin Sidni, ya saye Serif da ma'aikatansa wajen 90. Canva kuwa kowa ya san da kuɗin wata-wata yake rayuwa. Hankalin masu zane ya tashi, suka ce an gudu ba a tsira ba. Kashegari kamfanonin biyu suka fitar da alkawura huɗu don kwantar da hankali. Na farkonsu, wanda shi ne ya shafe mu, yana cewa za a ci gaba da sayar da lasisin dindindin a kowane lokaci, kuma ko da an kawo tsarin haya to zaɓi ne kawai a gefen saye. Wata goma sha takwas bayan nan, a farkon Oktoba na 2025, aka daina sayarwa. Ran 30 ga watan aka fito da sabuwar Affinity wadda ta haɗe manhajojin uku wuri ɗaya, aka ce kyauta ce har abada. Sharaɗi shi ne mutum ya yi rajista da Canva, ɓangaren ƙirƙirarriyar basira kuma sai wanda ke biyan Canva kuɗin haya.

Kafin mu kai ga kyautar, bari mu fara tambayar kanmu, mene ne Canva ya saya? Ya sayi suna, ya sayi manhajoji, ya ɗauki ma'aikata. Amma abin da ya ba waɗannan duka daraja shi ne jama'ar nan miliyan 3, su kuwa magana ɗaya ce ta tara su. Ashe ke nan alkawarin yana cikin hajar da aka yi cinikinta. A wurinmu idan mutum ya rasu ba a raba gadonsa sai an biya bashin da ke kansa, magaji ba ya kwashe gonaki ya ce bashi ba shi ya ci ba. Haka nake ganin wanda ya sayi kamfani, ba shi da damar ya karɓi amincewar da mutane suka ba kamfanin ya bar abin da aka ƙulla amincewar a kansa. A nan ma ba mu da jayayya da Canva, tun da shi da bakinsa ya sake ɗaukar kayan a kansa.

Adalci ne kuma mu ji ta bakin kamfanoni, don suna da hujja mai ƙarfi. Manhaja ba masaba ba ce. Masabar maƙeri in an ƙera ta an gama, jika ma sai ya gaje ta ya ci gaba da dukan ƙarfe a kan uwar maƙerar kakansa. Manhaja kuwa kamar dabba take, kullum sai an ba ta abinci. Kwamfutoci suna sauyawa, ɓarayi suna gano kafa, dole a ajiye ma'aikata suna toshewa, su kuwa albashinsu wata-wata ne. Wanda ya biya sau ɗaya shekara bakwai da suka wuce, me zai sa a ci gaba da yi masa hidima? Sa'an nan haya tana buɗe wa maras ƙarfi ƙofa, domin ɗalibin da ba zai taɓa haɗa dala 2,599 ba yana iya lallaɓa kuɗin wata guda ya gama aikinsa. Kai, ko sayen da ake taƙama da shi ma, in ka karanta sharuɗɗan nan da kowa ke dannawa ba tare da ya duba ba, za ka tarar izinin amfani aka sayar maka, manhajar tana nan ta masu ita. Duk na yarda da wannan. Shi ya sa ban ce haya zalunci ce ba. Tela nawa ne suka fara da keken haya kafin su sayi nasu?

Sai dai mu tsaya a kan telan nan, don a nan bambancin yake. Ran da ya kasa biya, mai keke zai zo ya ɗauki kekensa, amma rigunan da aka ɗinka suna nan a hannun tela, kowane keke kuma yana iya gyara su. Mai zane ba haka abin yake a wurinsa ba. Alal misali ya tsara littafi mai shafi 300 a InDesign, ya daina biya, fayil ɗin yana nan a kwamfutarsa amma mabuɗin gyara shi ya tafi, in ma ya lallaɓa ya kai shi wata manhaja sau da yawa tsarin sai ya wargaje. Watau an haɗa keke da riguna an kulle a ɗaki ɗaya. Wannan tsoro ba zato ba ne kawai. A ƙarshen 2022, da aka sami saɓani kan lasisi tsakanin Adobe da kamfanin launuka na Pantone, mutane sun buɗe tsofaffin ayyukansu a Photoshop sun tarar wasu launuka sun koma baƙi ƙirin, sai an biya dala 15 a wata kafin su dawo. A watan Oktoba na 2019 kuma Adobe ya sanar da duk masu amfani da kayansa a Benezuwela cewa zai rufe musu asusu saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sa wa ƙasarsu. Daga baya ya sami izini ya fasa, amma darasin ya riga ya shiga: mutumin da bai yi laifin komai ba, bai kuma kasa biya ba, yana iya rasa kayan aikinsa saboda rigimar da ba tasa ba.

Mu ma nan abin ya taɓa mu ta wata fuska. A farkon watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta wuce 1,500. Mai tsara bangon littattafai a Kano wanda ke biyan haya da dala, ko sisi kamfani bai ƙara masa ba, amma kuɗin ya ninka masa sau uku. Akwai ma lokacin da wasu manyan bankuna suka hana biyan kuɗi a waje da katin naira, daga 2022 har zuwa 2025. (Na san wani zai yi murmushi ya ce ai mu nan yawanci kwafin sata ake sa wa kwamfuta. Wannan wata magana ce mai zaman kanta, kuma ba ta yi mana kyau ba.) Wanda ya saya sau ɗaya kafin naira ta faɗi, duk wannan guguwa ta wuce ta samansa.

To, yanzu mu komo kan kyautar. Malamanmu na fiƙihu sun rarrabe tsakanin ciniki da haya da aro da kyauta, kuma ba don son yawan babi suka yi haka ba. A ciniki abu ya bar hannun mai shi ya zama naka. A haya amfaninsa ka saya na wani lokaci sananne. A aro amfanin aka ba ka ba da kuɗi ba, abu kuwa yana nan na mai shi. Kyauta ita ce a mallaka maka ba da musanya ba, kuma a mazhabarmu ba ta kammala sai abin ya shiga hannun wanda aka ba. Idan muka auna sabuwar Affinity da wannan ma'auni, a wane babi za ta faɗa? Abin da ba ka iya fara aiki da shi sai ka yi rajista a wurin mai shi, wanda kuma shi ke da ikon sauya sharaɗi, bai shiga hannunka ba. Wannan aro ne aka sa masa sunan kyauta. Aro kuwa abin kirki ne, mai ba da shi yana da lada, ɗalibai da yawa da ba su da ko kwabo yau suna zane da manhajar ƙwararru saboda shi. Amma Bahaushe ya ce zanen aro ba ya rufe katara. Mutanen da suka gudu daga Adobe ba rangwame suka je nema ba, wasunsu ma a shirye suke su biya ninki. So suke su biya su rabu da kowa, ya zama ba su da uban ɗaki. Abin da aka yi musu alkawari ke nan, shi ne kuma kaɗai abin da kyautar ba ta ƙunsa ba.

Wani zai ce, ai an ce har abada. Wannan kalma ce ta fi ba ni tsoro. Wane ne ya faɗe ta? Idan dattijo a unguwa ya yi alkawari, abin da ke riƙe shi shi ne tsoron Allah da kunyar idon mutane, domin gobe da jibi zai haɗu da kai a masallaci da wurin suna da jana'iza. Kamfani ba shi da fuskar da zai ji kunya da ita. Shugaban da ya yi magana yau gobe ya ajiye aiki, masu hannun jari su sauya, ko a sayar da kamfanin ɗungurungum kamar yadda aka sayar da Serif. Masu zane na da ba su manta da FreeHand ba, wadda Adobe ya gada sa'ad da ya sayi Macromedia a 2005, bayan shekara biyu ya daina kula da ita saboda kishiyar Illustrator ce. Canva kansa a watan Satumba na 2024 ya ɗaga wa wasu masu biyan haya a Amurka kuɗi daga dala 120 zuwa 500 a shekara, sai da aka yi ta surutu sa'an nan ya janye wa tsofaffin abokan cinikinsa. Ana iya cewa wannan ya nuna yana jin magana, haka ne kuwa. Amma abin da surutu ya kare maka yau, ran da surutun ya yi ƙasa fa? Ban ce shugabannin Canva maƙaryata ba ne, mai yiwuwa har zuciyarsu suke nufin abin da suka faɗa. Abin da nake cewa shi ne sun yi alkawarin abin da ba ya hannunsu, kuma lasisin dindindin da suka yi wa irin wannan alkawari bai kai shekara biyu ba.

Saboda haka ni hukuncina shi ne alkawari bai cika ba, ko da yake har yanzu ba a cuci kowa da kuɗi ba. Mai alkawari ba shi ne zai zaɓi abin da zai biya da shi ba. In ka ce za ka ba ni akuya ka kawo mini saniyar aro, saniya ta fi akuya nono, amma ni ke da ikon in ce na yafe akuyar, ba kai ba. Hanyar fita kuwa ba ta da wuya: a bar kyautar ga mai so, a ajiye saye a gefenta ga wanda ya fi son ya biya, kamar dai yadda aka faɗa tun farko game da haya.

Gaskiya ne waɗanda suka sayi tsohuwar Affinity tana nan tana yi musu aiki, ba a ƙwace ta ba, sai dai an daina sabunta ta. Sabuwar tana buɗe ayyukan da aka yi da tsohuwar. Amma duk aikin da mutum ya adana da sabuwar, tsohuwar da ya saya da kuɗinsa ba ta iya buɗe shi.