Ku da Kuke Ƙirga Ƙurar Fure, Kada Ku Karaya

'Yan'uwa ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, da ɗaliban kimiyyar tsirrai na Jami'ar Jihar Taraba, da samarin Sunkani masu shiga taɓo har gwiwa don a ciro laka, sannunku da aiki. Aikinku ba ya tara 'yan kallo. Mutum zai wuni a sunkuye kan madubin ƙara girma, wuya ya ƙage, ido ya yi ja, yana ƙirga ƙwayoyin da yawancinsu ba su kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Amma abin da ke ƙarƙashin idonku tarihin ƙasar nan ne tun kafin a fara rubutu.

Ƙurar fure da ƙwayoyin haihuwar tsirran da ba sa fure suna da ɓawo mai taurin gaske. In suka faɗa tafki laka ta rufe su, sai su shekara dubbai ba su ruɓe ba. Ku ne kuke wanke lakar da asid, yashi ya narke, ƙwayar ta rage. Sannan a zo ga tantancewa. Ta ciyawa kewayayya ce da huda guda. Ta tsirran wuri mai laima sau da yawa tana da tabo mai ƙafa uku, kamar murhu. Akwai ma ƙwayar wata fumfuna da ke tsirowa a kan kashin dabbobi. Inda ta yi yawa, an san garke ya sha ruwa a bakin tafkin nan. Kowane samfur sai an ƙirga ɗaruruwa kafin a yarda da sakamakon.

In kuna shakkar amfaninsa, ku dubi Tafkin Tila da ke kusa da Biu. Wani mai bincike, Ulrich Salzmann, ya nazarci lakarsa ta fiye da shekaru 10,000, ya wallafa a 2000. An daɗe ana cewa dajin nan namu kurmi ne da manoma suka cinye da gatari da wuta. Lakar ta nuna ciyawa da burbushin gawayi suna nan tun farko, ko a zamanin da ruwan sama ya fi na yau yawa. Haƙurin mai ƙirga ne ya rage wa manomi laifin da aka ɗora masa.

Kuma kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne. Farfesa Adebisi Sowunmi, wadda ta koyar a Jami'ar Ibadan, tun shekarun 1970 ta bayyana siffar ƙurar furannin Nijeriya, domin ba a gane tsohuwar ƙwaya sai an kwatanta ta da ta bishiyar da ke raye.

Nan ne nake kiran manoma da makiyayan Ardo Kola. Wa ya fi ku sanin lokacin da ɗorawa ke tuntu, ko maje da kaɗanya ke fure? Ɗalibi ya bi ku jeji da ambulan da alƙalami, ku nuna masa bishiya, ya tsinki fure, ya rubuta suna da wuri da rana. Ku kuma masu bincike, tafkunan da ke fadamun Binuwai wajen Lau da Gassol suna jiran bututunku na ciro laka. Ku soma da furannin ranin bana.