Neman Gafara Bayan Mai Haƙƙi Ya Rasu

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun masu tunani. In mutum ya cuci wani, bai nemi gafara ba har wanda aka cuta ya rasu, sa'an nan ya zo yana cewa ya yi nadama, shin wannan nadama tana da sauran amfani? Waɗansu sun ce ba ta da shi, ihu ne bayan hari. Waɗansu kuwa sun ce gaskiya ba ta tsufa, duk ran da aka faɗe ta za ta yi rana. Kafin mu yanke hukunci, bari in ba ku labarin wani ɗan wasan ƙwallo na ƙasar Amurka, mu auna maganar a kansa.

Da farko ya kamata ku sani ƙwallon da Amurkawa su ke ji da shi ba irin wanda muka saba gani ba ne. Nasu dogo ne kamar ƙwai, yawanci kuma da hannu a ke ɗaukarsa. Kowane gefe mutum goma sha ɗaya ne. Ƙarfafa su kan jeru a sahun gaba suna ture abokan gaba, a bayansu kuwa akwai wani mai sauri wanda a kan miƙa wa ƙwallo ya rungume, ya ruga da shi, ko kuwa ya jefa wa ɗan'uwansa. Shi ne su ke kira hafbak. Doka ta yarda a kā da wanda ke riƙe da ƙwallo, amma ba ta yarda a nufi fuskar mutum da duka ba. Manyan makarantu, watau jami'o'i, su kan yi gasar wannan wasa tsakaninsu, dubban mutane suna kallo.

To, Johnny Bright hafbak ne na Jami'ar Drake, a birnin Des Moines cikin jihar Iowa. Baƙar fata ne, an haife shi a 1930 a garin Fort Wayne. A 1949 da 1950, in aka haɗa nisan da ya yi gudu da ƙwallo da nisan da ya jefa shi, babu wanda ya kamo shi cikin manyan jami'o'in ƙasar. Da shekarar 1951 ta kama, mutane da yawa suna zaton shi zai sami kyautar Heisman, wadda a kan ba gwarzon shekara. Amma a zamanin nan, a jihohin Amurka da dama, doka da al'ada sun raba baƙi da farare a makaranta, da masauki, da wurin cin abinci.

Ran 20 ga Oktoba 1951 'yan Drake suka tafi garin Stillwater don su kara da makarantar da a ke kira Oklahoma A&M. Cikin minti bakwai na farkon wasa, wani ɗan wasan Oklahoma farar fata, mai suna Wilbanks Smith, ya buge Bright har sau uku, kowane bugu sai ya kai shi ƙasa. Muƙamuƙinsa ya karye. Duk da haka ya tashi, ya jefa ƙwallo ga ɗan'uwansa aka ci, tazarar yadi 61, kāna daga baya ciwo ya fi ƙarfinsa aka fitar da shi. Aka cinye Drake 27 da 14. Alƙalan wasa ba su hukunta kowa ba.

Da maganar ta tsaya nan, da sai a ce tsautsayin wasa ne. Amma akwai masu ɗaukar hoto biyu na jaridar Des Moines Register a filin, John Robinson da Don Ultang. Hotunansu, ɗaya bayan ɗaya, sun nuna Bright ya riga ya miƙa wa wani ƙwallo, yana tsaye can baya hannu wofi, sa'ad da aka kai masa duka a fuska. Jaridu suka buga, duk ƙasa ta gani, har aka ba mutanen nan biyu kyautar Pulitzer a 1952. Shi Smith ya yi ta cewa ba don launin fata ya yi ba. Abin da ke cikin zuciyarsa shi ya sani, amma abin da hannunsa ya aikata ga shi a takarda. Jami'ar Drake ta nemi a yi hukunci. Makarantarsa ba ta hore shi ba, ƙungiyar da ke shirya gasar ita ma ta yi shiru, har Drake ta yi fushi ta fita daga ƙungiyar.

Da aka ƙidaya ƙuri'un Heisman, Bright ya zo na biyar. A 1952 ƙungiyar Philadelphia Eagles ta zaɓe shi don ya yi mata wasa a biya shi. Ya ƙi, ya ce shi ne zai zama baƙar fata na farko a cikinsu, bai kuwa san irin riƙon da za a yi masa ba. Sai ya haye Kanada. Ya fara a Calgary, ya koma Edmonton, inda suka ci Kofin Grey, babban kofin ƙasar, shekara uku a jere, 1954 da 1955 da 1956. A 1959 aka zaɓe shi gwarzon 'yan wasan Kanada duka. Ya bar wasa a 1964, ya ci gaba da aikin malanta, har ya zama shugaban makaranta a Edmonton. Ya rasu a watan Disamba 1983 yana da shekara 53.

Sai a 2005 shugaban makarantar nan ta Oklahoma, wadda sunanta ya riga ya koma Jami'ar Jihar Oklahoma, ya rubuta wa shugaban Drake takarda yana ba da haƙuri. Shekara 54 ke nan bayan dukan, shekara 22 bayan an binne wanda aka buga.

Yanzu mu koma ga tambayarmu. Masu cewa ba amfani suna da hujja mai ƙarfi. Haƙƙin mutum nasa ne, shi kaɗai ke da ikon yafe shi. Takarda ba ta gyara muƙamuƙi, ba ta mayar da kyautar da ta wuce, wanda ke cikin kabari kuma ba ya karanta ta. Ban da wannan, ban haƙurin da ya zo sa'ad da babu sauran abin da za a rasa, mai araha ne. Da an faɗi laifi a 1951, da an sha zagi a gari, watakila a rasa ɗan wasa. A 2005 kuwa yabo aka samu. Lalle wannan zargi gaskiya ne, kada mu kauce masa.

Amma ni a ganina laifi biyu aka yi, ba ɗaya ba. Na farko shi ne duka, mutum guda ya yi shi cikin ƙiftawar ido. Na biyu shi ne ƙin faɗin gaskiya, wannan kuwa makaranta ce ta yi shi, ta kuma yi ta sabunta shi kowace shekara da ta yi shiru. Laifin farko ya faɗa kan Bright shi kaɗai, ya tafi da shi. Na biyu ya faɗa kan mutane da yawa waɗanda ke da rai: iyalinsa, da abokan wasansa, da kowane yaro baƙi da ya ga hotunan nan ya ga kuma ba a yi kome ba, har da ɗaliban makarantar kanta, waɗanda aka koya musu a aikace cewa in naka ya yi ɓarna sai a rufe. Wannan bashi na biyu ana iya biyansa ko yaushe, muddin masu binsa suna nan.

Ku ɗauki misali da gona. Wani ya ci iyakar maƙwabcinsa, ya yi ta musu har su biyu suka mutu. 'Ya'yansa suka gāji gonar, sun kuwa san inda iyakar gaskiya ta ke. Ba su suka matsar da ita ba, ba kuma za su iya mayar wa marigayin damunan da ya rasa ba. Amma in suka ce ai mai ita ya mutu, magana ta wuce, suka ci gaba da noma wurin, ashe sun shiga cikin laifin ubansu. Makaranta ma haka ta ke. Shugabanni su kan sauya, amma sunan ɗaya ne, wanda ya gāji darajar suna kuwa ya gāji bashinsa.

Saboda haka amsata ita ce, ban haƙurin 2005 ya yi amfani, amma rabin amfani. Ya sauke nauyin masu rai, bai sauke na mamaci ba. Wanda ya ce kada a yi shi sam ya yi kuskure, domin yana so ƙarya ta tabbata. Wanda ya ce da shi an wanke kome shi ma ya yi kuskure, domin yana koya wa masu laifi su jira mai haƙƙi ya kau su sami sauƙi.

Akwai kuma abin lura ga Bright kansa. Bai zauna yana jiran a ba shi haƙuri kafin ya gina rayuwarsa ba. Da ya jira, da ya mutu yana jira. Ya nemi inda za a ga darajarsa, ya tarbiyyantar da 'ya'yan mutane, har a 2010 aka buɗe makaranta da sunansa a Edmonton, filin wasan Drake kuma tun 2006 sunansa ya ke ɗauke da shi. Amma kada haƙurinsa ya zama hujja ga waɗanda suka cuce shi. Don wanda ka ture cikin kogi ya iya iyo, ba shi ne ya sa turin ya zama alheri ba.

To, jama'a, kowa ya duba kansa. Da wuya a sami wanda ba shi da wani da ya san ya ɓata wa, ko ɗan'uwa, ko mata, ko abokin ciniki, yana ta cewa sai an sami lokaci. Makarantar Oklahoma tana da shekarun da za ta iya jira 54, kai ba ka da tabbacin gobe, shi ma wanda ka cuta ba shi da shi. In kana da irin wannan bashi, je ka same shi tun yana iya jin maganarka, yana kuma iya ce maka ya yafe.